Rasuwar Uwar Gayya, Farar Bas ta Gangaren Dala

Da zuciya mai cike da baƙin ciki, da kafaɗa mai tsamin turi, Malam Bukar Kyari na unguwar Dala yake sanar da 'yan'uwa da abokan arziki da maƙwabta, na kusa da na nesa, rasuwar motarsa, farar bas ɗin nan da jama'a suka fi sani da Uwar Gayya. Ta cika ranar Talata da sassafe, a tsakiyar gangaren da ke bayan masallacin unguwa, bayan ta sha jinya ta shekara uku. Malam Bukar da kansa ya rubuta wannan sanarwa, amma saboda irin rawar da ya taka a cikin al'amarin, ya ga ya fi masa sauƙi ya riƙa ambaton kansa kamar wani mutum dabam.

Ba a san ainihin shekarun marigayiya ba. Ranar da aka kawo ta daga Kwatano, dillali ya ce shekararta takwas, bakanike ya leƙa ƙarƙashinta ya ce sha biyar, ita kuwa ba ta ce komai ba. Abin da aka tabbatar shi ne ta yi shekara goma sha tara a hannun Malam Bukar, kuma a cikinsu babu ranar da ta ci abincin banza. Ita ke kwasar kayan 'yan kasuwar Kurmi zuwa kasuwannin ƙauye, Wudil ran Juma'a, Ɗambatta ran Lahadi: tabarmi, takalman fata, kasake, da kwalaben turaren wutar da uwargidansa Fanna take haɗawa. Da kuɗin dakonta aka yi wa gidan rufin kwano, da shi 'ya'ya biyar suka yi makaranta. Ta kai masu naƙuda asibiti, ta kai masu rakiyar gawa maƙabarta, ta taɓa ɗauko ragon layya a kujerar gaba don baya ya cika. Ba ta taɓa cewa kaya sun yi mata yawa ba, iyaka dai ta sunkuya ta gefen hagu ta ci gaba da tafiya.

Tana da 'yan halayenta, kamar kowa. Ƙofar gefe ba ta buɗuwa sai daga waje. Odarta kan yi ƙara da kanta idan aka sha kwanar dama, har mutanen Gwammaja suka ɗauka Malam Bukar mutum ne mai yawan gaisuwa. Duk an yafe mata.

Ciwon ajali ya faro ne cikin sanyin watan Disamba, shekara uku da suka wuce. A da, murɗa ɗaya ake yi wa makulli ta amsa, ka ji "cir-cir-buum", kamar mai amsa sallama da fara'a. Wata safiya Malam Bukar ya murɗa, sai ta ce "wuu... wuu... wuu", a hankali, da nauyi, irin muryar wanda aka tasa daga barci bai shirya ba. Sai a murɗa ta huɗu ta kama, ta yi tari, ta cika lungu da farin hayaƙi, ta ɗan yi karkarwa, sannan ta daidaita. Da jikinta ya ɗumama sai ta koma garau. Yini guda za a yi ana kashe ta ana tayarwa, ba gardama. Washegari da safe kuma a koma gidan jiya.

Ya kamata a faɗa a nan cewa Malam Bukar bai taɓa koyon kanikanci ba. Amma ya shekara talatin yana tsayawa a kan kanikawa suna aiki, hannuwansa a baya, yana gyaɗa kai, kuma ya ɗauki wannan a matsayin karatu. Don haka da ya ji "wuu... wuu", bai yi wata-wata ba ya yanke hukunci cewa batir ne. Ya sayo sabo. Aka yi sa'a sanyi ya lafa na kwana biyu, mota ta ɗan yi dama-dama, ya zagaya majalisa yana bayanin yadda ake gane ciwon batir da kunne. A kwana na uku sanyi ya dawo, "wuu... wuu" ta dawo.

Ya ce to kan batir ne ya yi tsatsa, ya kankare shi da wuƙar yanka albasa ya wanke da ruwan zafi. Ya ce kik ne ya gaji, wato na'urar da ke juya inji idan an murɗa makulli, aka canza kik. Ya canza filogi. Ya juye baƙin mai ya zuba mara kauri, don wani direban tirela ya gaya masa mai kauri daskarewa yake yi da sanyi. Ya sake dawowa kan batir, ya ce wancan sabon jabu ne. Da duk wannan ya ƙi, sai ya koma ga abin da ake yi wa tsofaffi: ya lulluɓe injin da bargonsa, shi ya kwana da zanen gado, da asuba kuma ya ɗauko kaskon Fanna ya zuba garwashi ya tura ƙarƙashin mota, tazarar kamu biyu daga tankin fetur. Allah dai Ya tsare unguwar Dala.

A wajen karɓar kaskonta ne Fanna ta tsaya ta ga yadda ake tayar da motar. Ta shaƙi hayaƙin, ta sake shaƙa, ta ce, "Malam, wannan ba hayaƙin mai ba ne. Shekara talatin ina sana'ar hayaƙi, na san ƙonewa na san tafasa. Wannan tururi ne, irin na tukunya. Kuma kullum da safe sai ka ɗauki butata ka ɗura wa motar nan ruwa. Ina ruwan yake zuwa? Ni ban taɓa ganin ƙarƙashinta a jiƙe ba."

Malam Bukar ya ce, "Fanna, ki tsaya a kan turarenki. Inji ba kasko ba ne."

Da murmushi ya faɗi wannan magana, irin murmushin malami ga ɗalibin da ya yi tambayar yara. Fanna ta juye garwashin a kwata, ta shige gida da kaskonta.

Ba za a ce ba a kai marigayiya wajen masana ba. Sau shida ana kai ta garejin Isyaku da ke Ƙofar Ruwa, bakaniken da ya san cikinta tun tana da ƙarfinta. Sai dai kafin a isa garejin jikinta ya riga ya yi zafi, don haka da Isyaku ya taɓa makulli sai ta ce "cir-cir-buum", ta zauna tana gurnani lafiya lau, ta bar maigidanta yana rantsuwa. A zuwa na shida Isyaku ya goge hannu ya ce, "Baba Bukar, kullum lafiyayya kake kawo min. Ciwon nan na safe ne, da safe za a kama shi. Ka bar min ita ta kwana a nan. Gobe kafin kowa ya murɗa makulli in kwance filogi in ga abin da ya kwana a ciki."

Malam Bukar ya ƙi. Ya ce shekara goma sha takwas ba ta taɓa kwana a wani wuri ba tare da shi ba. Ya ce gobe akwai kasuwa. Ya ce a gareji madubi kan yi ƙafa. Duk waɗannan gaskiya ne, amma ba su ne dalilin ba. Dalilin shi ne yana tsoron Isyaku ya gano cikin minti goma abin da shi ya kasa ganowa cikin shekara biyu, kuma can ƙasan ransa yana tsoron abin da za a gano ya zama ruwa.

Daga nan jinya ta koma hannun jama'a. Da an sallame sallar asuba, sai Malam Bukar ya riga kowa fita ya tsaya wajen takalma, yana gaisawa da mutane ɗaya bayan ɗaya, yana riƙe hannunsu ya ɗan daɗe. Wanda aka riƙe wa hannu ya san abin da ake nufi. Haka ake haɗa mutum shida ko bakwai, attajiri da tela da malamin makaranta, a tattare riguna a dafa bayan mota, a yi ta gudu har ta ce "guf, guf, buum" ta bar su cikin farin hayaƙi suna haki. A lokacin ne unguwa ta raɗa mata suna Uwar Gayya. Da farko ana yi ana dariya. Da tafiya ta yi nisa, sai aka lura addu'ar bayan salla ta ƙara tsawo ƙwarai, kowa na zaune yana jan carbi yana satar kallon ƙofa. Wasu suka gano ƙofar gefen masallaci. Mutum biyu suka koma masallacin Jakara, suka ce don ladan nisa ne. A ƙarshe Malam Lawal ladani, abokin Malam Bukar tun suna yara, ya ja shi gefe ya ce, "Bukar, ina gaya maka ne don Allah. Baƙo ya tambaye ni jiya ko a mazhabarmu turin mota yana cikin sunnonin asuba."

Wannan magana ta shige shi. Ya yi kwana biyu bai tsaya wajen takalma ba, bai kuma je kasuwa ba. A rana ta uku ya ɗaga kai ya dubi gangaren da ya sauko daga gindin dutse ya bi ta bayan masallaci, gangaren da yake bi tun yana rarrafe, ya ji kamar yau ya fara ganinsa. Daga ranar ya riƙa kwanar da motar a saman gangare, da dutse a gaban taya, tunda burkin hannu ya daɗe da yin murabus. Da safe Malam Lawal ya janye dutsen da ƙafa, mota ta gangara, a sa giya ta biyu, a saki kuloci, ta yi wata irin zabura ta kama. Ba turi, ba riƙe hannu. Malam Bukar ya koma majalisa ya sanar cewa ya warkar da ita. Har ya ba wani mai akori-kura shawara ya nemi gida a kan tudu.

Yanzu sai a zo ga ranar Talata. Mahaifiyar Malam Bukar, wadda kowa ke kira Ya Kaka, ta haura shekara tamanin, kuma shekara bakwai ke nan yanar ido ta rufe mata gani, ba ta ganin komai sai haske da inuwa. Wata huɗu aka yi ana jiran layin aiki a asibitin ido, aka ba ta Talata ƙarfe bakwai na safe, aka kuma ja kunne cewa wanda ya makara sai ya koma ƙarshen layi. Fanna ta ce a yi wa Nura mai adaidaita sahu magana tun da wuri. Malam Bukar ya ce uwarsa ba za ta shiga adaidaita ba yana da mota. Don girmama ranar ma, tun Asabar ya ajiye Uwar Gayya bai tayar da ita ba, ya bar kasuwar Lahadi ta wuce, ya ce ta huta kwana uku ta tara ƙarfi. Ya cika mata ruwa har baki, ya wanke ta, ya shimfiɗa darduma a kujerar gaba.

Ƙarfe shida da kwata aka zaunar da Ya Kaka a gaba, Fanna a baya da bargo da kwanon abinci. Sanyi ranar har cikin haƙori. Malam Lawal ya janye dutse. Mota ta fara gangarawa shiru, ta ɗauki gudu, Malam Bukar ya bari ta ƙara don ya tabbatar, ya sa giya ta biyu, ya yi bisimilla, ya saki kuloci.

Marigayiya ta ce, "Wuu... ƙwal!"

Tayoyin baya suka ja ƙasa, ta tsaya cak. Wani abu ya faɗo daga ƙarƙashinta ya gangara shi kaɗai, "ƙililin, ƙililin", har kwata. Ya murɗa makulli, ta ce "ƙas". Ya sake murɗawa, ba ta ƙara cewa komai ba. Wannan "ƙas" ita ce kalmarta ta ƙarshe a duniya.

Ya Kaka ta gyara mayafi ta ce, "Har mun iso?"

Injin wannan mota a ƙarƙashin kujerar gaba yake. Mai wannan sanarwa yana so a rubuta, don kada wani ya riga shi faɗa, cewa a wannan lokaci, ƙarfe shida da minti ashirin da biyar, ya zagayo ya buɗe ƙofa ya ce wa mahaifiyarsa, "Iya, ɗan sauko in duba inji. Minti biyar kawai, na san abin da ya faru."

Tsohuwa ta juyo da fararen idanunta wajen da muryarsa take, ta ce, "Auta, ni da ita, wa za a fara dubawa?"

Shekararsa hamsin da takwas, da furfura a gemu, amma ya tsaya riƙe da ƙofar mota kamar an kama shi da hannu a tukunyar miya. Yana nan tsaye sai ga adaidaita ta ɓullo daga kwana. Ashe tun jiya Fanna ta gaya wa Nura ya zo ya tsaya a bakin lungu da shida, in ya ga farar bas ta wuce ya yi tafiyarsa, in bai gani ba ya shigo. Malam Bukar ya ɗauki uwarsa cak ya sa ta a adaidaita, ya zauna ya tare mata iska da jikinsa. Ya bar Uwar Gayya a tsakiyar hanya, ƙofa a buɗe, makulli a jiki, bai waiwaya ba sai sau biyu. Saura minti huɗu bakwai ta cika aka kira sunan Ya Kaka, ta amsa da kanta.

Da la'asar Isyaku ya zo duba gawa. Jama'a sun riga sun tura ta gefen hanya, ba tare da an riƙe hannun kowa ba. Ya kwance filogi na ɗaya, na biyu, da ya zo na uku sai ya fito da shi a jiƙe sharkaf. Ya haska tocila a ramin, ya kira Malam Bukar ya leƙa. Ruwa ne kwance, tsaf, har yana ƙyalli.

Isyaku ya yi bayani a hankali, kamar yadda ake yi wa masu makoki. Ya ce gasket ɗin da ke raba hanyar ruwa da inda wuta ke kamawa ne ya ci, tun tuni. In mota ta kwana ta huce, ruwa sai ya riƙa ɗiga cikin ramin fistin, wato ƙarfen da ke hawa da sauka a cikin inji. Da safe kik ya zo juya inji, fistin ya tarar da ruwa a gabansa, ruwa kuwa ba ya matsuwa, shi ne "wuu... wuu" ɗin. In an samu ya fita ta salansa, shi ne farin hayaƙin. Batir bai yi laifin komai ba. Kwana ukun da aka ba ta hutu, ramin ya cika taf. Da makulli aka murɗa, da ƙin juyawa kawai za ta yi. Amma da aka haɗa mata nauyinta da gangaren Dala aka sake mata gaba ɗaya, sandar fistin ta karye ta fasa gefen inji. Ya kama hannun Malam Bukar ya sa masa a inda injin ya fashe. Dunƙulen ya shige har wuyan hannu.

"Da a shekarar farko ne, aikin yini ɗaya ne," in ji Isyaku. "Amma Baba, duk gidan ba wanda ya lura ruwa yana raguwa?"

Fanna tana tsaye a wajen, ta kawo wa masu aiki kunu. Ta ajiye kwanon a kan dakali, ta ce a sha da zafi, ta juya. Har zuwa rubuta wannan sanarwa ba ta ce uffan a kan maganar ba, kuma Malam Bukar yana shaida wa jama'a cewa da ta faɗa ta huta, da ya fi masa sauƙi.

An yi shawarar sa mata wani inji. Isyaku ya taka ƙasan motar ƙafarsa ta leƙa titi, ya ce a bar tsohuwa ta huta.

Ran Laraba aka cire wa Ya Kaka bandeji, ido ya buɗe, alhamdu lillahi. A hanyar dawowa ta yi ta karanta allunan shaguna da ƙarfi, na ajami da hotunan na boko. Da aka zo gangare ta ga wani abu a gefen hanya, ta ce Nura ya tsaya. Shekara bakwai ba ta san motar ba sai ta bakin ɗanta, shi kuwa kullum ce mata yake fara ce sol, ba kamarta a Dala. Ta sauko ta zagaya ta da sanda. Ta dubi tsatsar da ta cinye gindin ƙofa, ta dubi igiyar da ta ɗaure bamba, ta dubi kwalin da ke madadin gilashin baya.

"Auta, wannan ta waye?"

"Ita ce, Iya."

"A cikin wannan ka kai ni Maiduguri bara?"

"A cikinta, Iya."

"Ashe rashin gani ma wata rahama ce." Ta ɗora tafin hannu a kan ƙarfen, ta ɗan bubbuga shi kamar yadda take yi wa jikoki. "Amma ta kai ni, ta dawo da ni. Kada ka bari a ja ta kamar mushe. Ka yi mata sallama ta mutunci."

Bin wannan umarni ne ya sa aka rubuta abin da kuke karantawa.

Marigayiya ta rasu ta bar batir huɗu, dukkansu cikin ƙoshin lafiya. Kik biyu, babba da ƙarami, waɗanda aka zarga bisa zalunci. Safaya ɗaya da ba ta taɓa riƙe iska ba. Jak, da dutsen taya wanda yanzu ba shi da aikin yi. Ta bar 'yan kasuwar Kurmi goma sha ɗaya suna neman mai dako, da dattawan sahun asuba da dama masu ciwon baya, waɗanda ake fatan za su yafe mata, su kuma yafe wa wanda ya fi ta laifi. Ta bar maigidanta, wanda tun ran Alhamis yake bin Nura a baya da kwalin turare a cinya, yana koyon yin shiru idan ya ji wani sauti a inji.

Za a fita da ita ranar Asabar da ƙarfe goma na safe, bayan rana ta yi ɗumi, daga gangaren bayan masallaci zuwa wajen 'yan gwangwan a Ƙofar Ruwa. Liman ya riga ya yi bayani, har sau biyu, cewa babu wanka babu salla, kuma an karɓi fatawarsa. Za a yi zaman gaisuwa na kwana uku a ƙofar gidan Malam Bukar, a kan kujerar baya ta marigayiya, wadda aka cire don wannan hidima. Tana ɗaukar mutum huɗu, biyar in da siriri. Ana roƙon masu zuwa su taho da addu'a kawai, kada su taho da labarin wani ɗan'uwansu da motarsa ta yi irin wannan ciwo aka gyara da kuɗin goro.

Akori-kurar Isyaku ce za ta ja ta da igiya, ta Gwammaja za a bi, a hankali. Da yake mota ko ta mutu sai an riƙe mata sitiyari, Malam Bukar ya nemi a bar masa wannan aiki, an kuwa bar masa. Duk wanda ya ci karo da su a hanya, ya hango shi a ciki yana taka kuloci yana canza giya, don Allah ya kau da kai.